Kar ka karɓi injin da aka yi wa aiki sai an nuna maka lambobi

Yawancinmu ba ma sayen waya sai mun duba girman RAM, ƙarfin batir da irin kyamararta. Amma idan aka sauke injin mota ko na mashin aka kai wa masu tana, wato masu sassaƙar ƙarfe da inji, sai mu tsaya kan abu biyu kawai: ƙarfen ya yi ƙyalli, kuma injin ya tashi babu ƙara. Ni a ganina wannan ba gwaji ba ne. A yankinmu na Batsari da Safana kuwa, ganganci ne.

Yayana yana jigilar fasinja da Golf 3 tsakanin Batsari da Katsina. Da injin ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, aka sauke shi, aka kai bulok da karanshaf wani shago a birni. Aka dawo da su fes, aka ɗaura, mota ta tashi lafiya. Ba ta cika wata biyu ba injin ya buga, da yamma, da fasinja a ciki. Wanda ya san hanyoyin da ke kusa da dajin Rugu ya san ba wurin tsayawa a buɗe bonet ba ne. Allah ya tsare, amma da aka sake buɗewa sai aka ga metal ɗin ya cinye. Babu wanda ya auna komai kafin a ɗaura.

Ni aikina rubuta manhaja, da waya da tsohuwar kwamfuta na koya. Abu na farko da sana'ar ta koya min shi ne: manhaja ta buɗe ba ya nufin tana aiki daidai, sai ka gwada ta. Inji ma haka yake, sai dai nasa gwajin da milimita ake yi.

Tsakanin karanshaf da metal akwai ɗan rata inda mai ke shiga. A yawancin ƙananan motoci ratar tana tsakanin 0.02 zuwa 0.07 na milimita, wato ba ta wuce kaurin silin gashi ba. In ta matse, mai ba zai shiga ba, ƙarfe ya ci ƙarfe. In ta yi faɗi, ƙarfin mai ya faɗi, injin ya fara ƙwanƙwasa. Ido ba ya ganin wannan, yatsa ma ba ya ji. Akwai wani zare mai laushi da ake kira Plastigage: a ɗora shi kan karanshaf, a ɗaure murfin daidai ƙa'ida, a kwance, faɗin da zaren ya baje shi zai faɗa maka ratar.

Idan an rage karanshaf, ka tambaya nawa aka cire. Ana ragewa ne mataki-mataki, 0.25 ko 0.50 na milimita, abin da masu sana'ar ke kira 010 da 020, kuma dole metal ɗin da za a saya ya zo daidai da wannan lambar. Haka ma idan an faɗaɗa silinda: fistin da ringi su dace da sabon faɗin.

Sauran kai ma za ka iya dubawa. Haska cikin silinda da fitilar wayarka. Aiki mai kyau yana barin siraran layuka masu gittawa da juna, su ne ke riƙe mai. In ka ga ciki sumul kamar madubi, ringi ba zai zauna ba. Goga farin ƙyalle mai ɗan mai a ciki. In ya fito da toka-toka, ba a wanke garin ƙarfen ba, kuma shi zai ci sabon ringinka. Top silinda kuma a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a auna ko ya lanƙwashe. Bayan an ɗaura, a gwada matsin kowace silinda. Bambancin kar ya wuce kashi 10 cikin 100.

Wani zai ce ai akwai ƙaramar na'urar ELM327 da ake jonawa da waya ta Bluetooth a karanta inji da manhajar Torque. Tana da amfani, amma tsarin OBD2 ya zama dole ne a Amurka a 1996, a Turai kuma a 2001 ga motocin fetur, don haka tsofaffin motocinmu da yawa ba za su amsa mata ba. Ko ta amsa, ba ta ganin ratar metal. Amfanin wayarka a nan shi ne ka sauke littafin injin ka ga lambobin kamfani, ka ɗauki hoton kowane awo, ka ajiye.

Na san abin da za a ce: oga ya shekara talatin yana wannan aiki, yaro ya zo yana tambayarsa lamba, ai raini ne. Ban raina hannun manya ba, akwai waɗanda kunnensu kaɗai ya fi na'ura gano ciwo. Amma gwani na gaskiya yana da maikromita a shagonsa, kuma ba ya jin haushin nuna maka. Ka tambaya da ladabi: "Oga, don Allah nawa aka cire, in rubuta saboda gaba?" Wanda ya ce kar ka damu, ai ido ya gani, ka gode masa, ka ɗauki kayanka ka nufi wani shagon.

Kuɗin awo bai kai kuɗin gasket ɗaya da za ka sake saya ba, balle sabon inji ɗan Baljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano. Kafin a ɗaure kusoshi na ƙarshe, ka tabbata lambobin suna cikin wayarka.