Aiki daga gida: Taura biyu ba ta taunuwa

A Hayin Banki da ke Kaduna, sai ka ga matashi yau yana koyon zane a kwamfuta, gobe haɗa bidiyo, jibi kirifto, duk don neman aiki ta intanet.

Yawan sha'awa baiwa ce, amma tana cin aljihu. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, ga wuta babu tabbas. Mai ba da aiki, daga Legas yake ko Landan, abin da aka kammala kan lokaci yake biya.

Shawararmu ga matasa: ku riƙe fanni ɗaya har ya fara ciyar da ku. Sauran ku rubuta su ku ajiye, lokacinsu na zuwa.