Ruwan Namu Ne, Amma Ba Da Harshenmu Ake Raba Shi Ba



Na san wani zai ce mu a ƙasar Gumel ina muka ga kogi? Gaskiya ne, daga Gagarawa har Sule Tankarkar rijiya muka sani, sai burtsatse da kududdufin damina. To amma ka shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka tambayi makiyayan da suka ƙetaro daga ƙasar Damagaram inda dabbobinsu ke cin rani. Za ka ji an ambaci fadamun Haɗejia. Idan fadamar ta sha ruwa saniya ta yi ƙiba, idan ta bushe kuwa dillali ne zai fara faɗa maka.

Ruwan nan kuma yana da masu riƙe da makullinsa. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are, ita ke buɗewa, ita ke rufewa. Kogunan biyu suna haɗuwa wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda a can gaba shi ne iyakar Najeriya da Nijar. Da shi manoman tattasai na Diffa ke ban ruwa kafin ya faɗa Tafkin Chadi. Saboda wannan tarayya aka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka haɗa, aka kuma amince da kundin ruwa na yankin tafkin a 2012, wanda har ya yi maganar haƙƙin talaka na samun bayani da sa baki.

Sa baki da wane baki? Da Turanci da Faransanci ake rubuta waɗannan takardu, alhali mutumin Maigatari da na Dungass da Hausa suke ciniki, da ita suke auratayya. A tara mutane a ɗakin taro na otal, a karanta musu abin da ba sa ji, a raba lemo a ɗauki hoto, wannan ba shawara ba ce.

Wani zai ce ai aikin injiniyoyi ne. Injiniya ya san yawan ruwan da ya saki daga Tiga, amma wanda ya shiga ruwa har ƙirji yana saran kacalla a aikin gayya shi ya san hanyar da ciyawar ta toshe, da garin da ruwan zai juya ya ci. Ambaliyar 2022 ba ta nemi takardar shaidar kowa ba kafin ta shiga gonakin Jigawa.

A nan nake ganin laifinmu. Mun cika wayoyi da labarin attajirin Abuja da 'yar aikinsa (ni ma na rubuta biyu, kada a ce na tsame kaina), amma wa ya zauna ya mayar da yarjejeniyar Maiduguri Hausar da za a karanta a majalisar mai unguwa? Wa ya rubuta gajeren labari kan makiyayin da ya iso mashayar kakanninsa ya tarar an kewaye ta da lambu?

Ni dai Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, ina Maigatari da littafi da biro. Da masu shayar da shanu a bakin kara zan fara, in ji nawa suke sayen jarkar ruwa bana.