Wa Zai Yanka Mudun Taswira: Kamfani Ko Hukuma?

Duk ɗan kasuwa ya san cewa ciniki ba ya daidaita sai mudu ya zama ɗaya. Haka lamarin yake ga taswirar kwamfuta. Idan kowane kamfani ya adana bayanan filaye da hanyoyi bisa tsarin kansa, mai saye ya shiga ƙangi, domin ranar da ya so sauya manhaja sai ya sake biya kafin ya karanta bayanansa.

Gwamnatin Amurka ta jarraba yanka mudun da kanta. A shekarar 1992 ta ƙaddamar da ƙa'idar SDTS, amma sarƙaƙiyarta ta sa kasuwa ta juya mata baya. Tsarin Shapefile na kamfanin Esri, wanda aka wallafa bayaninsa a 1998, shi ne ya mamaye duniya, duk da cewa sunan rukunin bayanai a cikinsa ba ya wuce haruffa 10. Sauƙinsa da yawan masu amfani da shi ne suka ba shi rinjaye.

Sai dai sakar wa kamfanoni ragama shi ma yana da haɗari. A ƙungiyar OGC, wadda aka kafa a 1994 domin haɗa kamfanoni da hukumomi da jami'o'i, an nemi a amince da wani tsarin Esri a matsayin ƙa'idar kowa. Masu adawa suka ce hakan zai fifita kamfani ɗaya a kan abokan gogayyarsa, kuma aka janye buƙatar a 2013.

A ganinmu, ƙarfin hukuma yana cikin aljihunta ne, kasancewarta babbar mai saye. Tarayyar Turai ta nuna haka a 2007 da dokar INSPIRE, wadda ta wajabta wa ƙasashenta musayar bayanan taswira bisa ƙa'idoji na bai ɗaya, dole masu sayarwa suka bi sahu.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Tun bayan kafa AGIS a Abuja a 2003, jihohi da dama sun mayar da rajistar filayensu cikin kwamfuta, kuma da takardun mallakar nan ne 'yan kasuwa ke jinginar neman rance a banki. Saboda haka ya kamata kowace kwangila ta ƙunshi sharaɗin cewa za a miƙa bayanai cikin buɗaɗɗen tsari da kowace manhaja za ta iya karantawa. Kamfanoni su kawo gwanintarsu, amma rajistar ƙasa ta jama'a ce, kuma bai dace mabuɗinta ya kwana a hannun ɗan kwangila ba.