Kujera babu kowa, fasinja na zaune a ƙasa: maganar komawa jirgin da ya riga naka tashi



Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne abin da ya sami wani ɗan uwanmu, mai sayar da yadi a nan Suleja. Ya sayi tikitin jirgin yamma daga Abuja zuwa Kano don ya sari kaya a Kantin Kwari washegari. Bayan sallar asuba aka bugo masa waya cewa yayansa ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Ya ɗauki jakarsa ya bi ta Madalla da Zuba da Giri, ya isa filin jirgin Nnamdi Azikiwe da sauran fiye da awa ɗaya jirgin safe na wannan kamfani ya tashi. Ya roƙi a mayar da shi kan jirgin. Ma'aikaciya ta farko ta ce ba a yi. Na biyu ya ce ana yi, amma sai manaja ya zo. Ana cikin haka wani da ba ya sanye da kayan aikin kowa ya ja shi gefe, ya ce in zai ba da “wani abu” a hannu, yanzu za a gyara. Bai bayar ba. Aka rufe kanta yana tsaye. Wani maƙwabcinsa da ya shiga jirgin ya shaida masa daga baya cewa layin da ya zauna shi kaɗai ne a ciki. Ta'aziyya ya samu, bai samu sallar gawa ba. Allah Ya jiƙan mamacin.

Abin da ya nema ba baƙon abu ba ne a harkar jirage. Ma'aikatan filin jirgi suna ce masa sitambai: kana da tikitin jirgin da zai tashi can an jima, ka zo da wuri, sai a rubuta sunanka cikin masu jiran kujera a jirgin da zai riga shi. Idan an rufe tantance fasinjoji, wanda a jiragen cikin gida yawanci minti 45 ne ko kusa da haka kafin tashi, sai a ƙirga waɗanda suka sayi tikiti ba su zo ba, a ba masu jira kujerunsu. In ba a samu ba, kana nan kan jirginka na asali, ba ka yi asarar komai ba sai zaman jira. A Amurka, kamfanin United ya sanar a 2020 cewa daga farkon 2021 fasinjojinsa za su iya shiga wannan layi na rana ɗaya kyauta, sauran manyan kamfanonin ƙasar ma suka sassauta nasu sharuɗɗan. Ba sadaka suke yi ba. Kujerar da ta tashi babu kowa ta tafi ke nan, ba a sayar da ita gobe. Wanda aka ɗauke da safe kuwa ya bar kujerar yamma da za a iya sayar wa wani da tsada.

Ra'ayinmu shi ne kamfanonin jiragen cikin gida su rubuta ƙa'idar wannan abu ƙarara, su manna ta a kanta da shafukansu, har da Hausa a tashoshin Arewa: wane irin tikiti ne ya cancanta, nawa ake biya in ana biya, kuma wa ake fara kira. Wanda ya riga rubuta suna shi ne gaba. A yanzu abin ya dogara ne ga wanda ka tarar a bakin aiki da kuma irin rigar da ka sa. Mun sha gani da idonmu: mai babbar riga da ɗan sanda a bayansa waya ɗaya ake bugawa a samo masa kujera, talakan da ya riga shi zuwa da awa biyu ana ce masa jirgi ya cika. Inda babu rubutacciyar doka, alfarma ce ke zama doka, kuma a nan 'yan cuwa-cuwa ke samun abinci.

Mu mutanen Suleja abin ya fi shafarmu fiye da mazauna Maitama ko Wuse. Ba ma iya auna hanya. Cunkoson Madalla da Zuba, ko tirela ɗaya ta faɗi, ya isa ya cinye maka awa biyu, don haka kowa kan fita da sassafe ko da jirginsa na la'asar ne. Ranar da hanya ta yi kyau sai ka tarar da kanka a filin jirgi da awa huɗu ko biyar a hannu, kana kallon jirgin garin da za ka yana lodi. Ga kuma halin jiragen yamma da kowa ya sani. Jirgi ɗaya ne ke yin sawu da yawa a rana, jinkirin da ya samu a Legas da safe yana bin sa har dare yana ƙaruwa. Lokacin hunturu hazo kan rufe Kano da Sakkwato da Maiduguri. Wasu filayen jiragen jihohi kuma ba a sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana, in jinkiri ya kai magariba sai a soke tafiyar gaba ɗaya. Wanda ya samu ya tafi da safe ya tsira daga duk wannan.

Akwai masu cewa ba adalci ba ne, kuma a taronmu ma an faɗa. Tikitin safe yakan fi na wasu lokutan tsada. In aka buɗe ƙofa, kowa zai sayi mai arha ya zo ya tsaya a layin na safe. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma mai jiran kujera ba shi da tabbas, yana iya wuni a kan benci, kuma ɗan kasuwar da ke da alƙawari ƙarfe goma a Idumota ba zai yi wannan caca ba, zai sayi na safen. In kamfani yana tsoron asara, ya sa kuɗi ƙayyadajje da kowa ya sani, a biya ta na'urar POS ta kamfani a karɓi rasit. Ba mu ce lallai a yi kyauta ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne farashin da ke canzawa daga baki zuwa baki.

Kada kuma mu ruɗi kanmu: sitambai ba haƙƙi ba ne da za ka ɗaga murya a kansa. Haƙƙinka da ke rubuce yana cikin kashi na 19 na dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, kuma ya shafi jinkiri da soke tafiya da hana ka shiga jirgin da ka biya. A tafiyar cikin gida, in jinkiri ya kai awa 2 kamfani zai ba ka abin taɓawa, in ya wuce awa 3 kana da damar neman a mayar maka da kuɗinka, in kuma ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba sai masauki da motar kai ka. Hukumar tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a filin jirgin Abuja, kuma da yawanmu ba su taɓa neman teburinsu ba. Muna ganin ita ce ya kamata ta tilasta wa kamfanoni su bayyana ƙa'idar jiran kujera, kamar yadda ake bayyana nauyin kaya.

Kafin a kai can, ga abin da muka koya daga 'yan uwan da suka gwada, wasu suka dace wasu ba su dace ba. A je ofishin sayar da tikiti na kamfanin kai tsaye, a yi magana da ladabi, a faɗi uzuri in akwai. Sau da yawa ma'aikacin yana da ikon taimakawa, haushin tsawa ne ke hana shi. Kada a ba da kaya a awo kafin a san jirgin da za a shiga, domin jakar da aka riga aka ɗaura wa takardar jirgin yamma tana iya sa a ƙi ka, ko ka sauka Kano ita tana Abuja. Mai jakar hannu kawai ya fi samun sauƙi. Wanda ya sayi tikiti ta hannun ejan ya riƙe lambarsa kusa, don wani canjin sai shi zai iya yi.

Abu mafi haɗari shi ne a cire sunanka daga jirginka na asali kafin a tabbatar maka da sabon. Ka tambaya da bakinka: in ban samu ba, kujerata ta yamma tana nan? In kuma an ɗauke ka, ka karɓi sabon katin shiga jirgi mai sunanka da lambar jirgin, ba wai wani ya riƙe hannunka ya wuce da kai ƙofa ba. Wanda ya shiga jirgi ba a sauya shi a kwamfuta ba za a rubuta cewa bai zo ba, kuma in tikitin zuwa da dawowa ne, na dawowar ma yana iya mutuwa. Sunan da ke cikin takardar fasinjoji shi ne shaidar cewa kana cikin jirgin in wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye. Masu tafiya da iyali ko tsofaffi su sani kujerun da ke ragewa ɗaya ne ko biyu. Kada a raba Hajiya da mai rakiyarta saboda gaggawa.

Shugabannin ƙungiya sun amince mu rubuta wa NCAA takarda kan wannan batu. Duk wanda ya taɓa neman a mayar da shi jirgin da ya riga nasa, ya samu ko bai samu ba, ya kawo mana bayanin ranar da abin da aka ce ya biya, tare da rasit in yana da shi, kafin taron wata mai zuwa. Ba za mu sa sunan kowa a cikin takardar ba sai da izininsa.

Sakataren Ƙungiya