Ba ƙaddara ce ta shimfiɗa karo ba

Kakata ta faɗi da asuba a gidanmu na Birni, za ta alwala. Kwankwasonta ya karye, tun ranar ba ta ƙara sallah a tsaye ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce: "Ƙaddara ce, tsufa ne." To ni dai ban yarda ba.

Na yi imani da ƙaddara. Amma ba ita ce ta shimfiɗa karo mai santsi a bakin makewayi ba, kawuna ne, don baƙi su ce gida ya waye. Ba ita ce ta bar tsakar gida cikin duhu ba, mu ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ta fi ɗauka. A Faransa akwai ma'aikacin lafiya da aikinsa ke nan: ya shiga gida, ya ga yadda tsoho ke sauka daga gado, yadda yake tsugunawa, sannan ya ce ga abin gyara.

Mu a Damagaram sai mun jira shi? Haba! Mai walda a Zango zai yi maka ƙarfen dafawa a yini guda. Kujerar alwala, tocila kusa da shimfiɗa, rage tudun dokin ƙofa, kai tsohuwa a duba mata yanar ido: nawa ne duka? Amma kuɗin mai ɗori ba ma rasawa.

Yau da dare, ka bi hanyar da tsohuwarka ke bi zuwa makewayi, ba fitila. In ka yi tuntuɓe da ƙuruciyarka, kada gobe in ji ka ce ƙaddara.