A bar wa jadawali aikinsa

Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, takan cika da shanu da raƙuma da raguna. Da dillalai za su buga farashin ranar a intanet, jadawali ya dace su yi: kowane layi na ɗauke da nau'in dabba, ginshiƙi ɗaya farashin makon jiya, ɗaya na yau. Abin da aka ƙirƙiri jadawali dominsa ke nan, ya nuna dangantakar bayanai a tsaye da a kwance. Matsala takan taso ne idan mai gina shafi ya mai da shi katakon rufi, ya cusa tambari a wannan gida, labari a wancan, don kawai su zauna inda yake so.

Dabi'ar tana da asali. Lokacin da Netscape ta kawo jadawali a 1995, masu zane ba su da wata hanyar jera abubuwa gefe da gefe. A Disamban 1996 aka fitar da CSS, harshen da ke kula da ado da shimfiɗa, kuma ƙa'idar HTML 4.0 ta 1997 ta yi gargaɗi kada a yi amfani da jadawali don tsara shafi kawai. HTML5 na 2014 ya ƙara alamomi masu ma'ana, waɗanda ke shaida wa na'ura cewa nan ne kan shafi, nan jerin hanyoyi, nan gundarin labari. Daga 2017 manyan manhajojin bincike suka karɓi CSS Grid, uzurin ya ƙare. Wasiƙun imel ne kaɗai suka rage da hujja, domin wasu manhajojin karanta su ba sa fahimtar sabon tsari.

Wani zai ce wannan gardamar masana ce, tunda shafin yana fitowa daidai a kwamfutar ofis. To, amma mahaifin da ke neman sanarwar shiga Kwalejin Ilimi ta Gumel daga wani ƙauye a Sule Tankarkar, ko manomin riɗi a Gagarawa, da ƙaramar waya zai duba. Shafin da aka ɗaure da jadawali mai faɗin kwamfuta ba ya lanƙwasawa. Sai mutum ya yi ta jan rubutu hagu da dama kafin ya gama jimla guda. Wanda aka gina da alamomi masu ma'ana kuwa yana iya jera kansa daga sama zuwa ƙasa.

Makaho ya fi kowa shan wuya. Manhajar karanta allo, irin TalkBack ta wayoyin Android, tana bin alamomin da aka rubuta ne. Idan akwai alamar kanu, mai sauraro zai tsallaka kai tsaye zuwa sashen da yake buƙata. Idan jadawali ne cikin jadawali, tana iya karanta masa gidajen a wani jeri da ya saɓa wa ma'ana.

Akwai kuma kuskuren da ya fi yawa a yau: a ɗauki hoton takardar sakamako ko ta farashi a liƙa a Facebook ko WhatsApp. A nan bayanin jadawali yake so, amma an hana shi. Hoton ya fi rubutu cin data, kuma neman suna ɗaya a cikinsa sai an bi layi-layi da ido.

Saboda haka, shugaban makaranta ko jami'in ƙaramar hukuma da zai ba da kwangilar shafi ba sai ya iya HTML ba. Ya rubuta sharuɗɗa uku a yarjejeniya: jadawali don bayanai kaɗai, kanu da sassa su sami alamominsu, a kuma ayyana harshen shafin a matsayin Hausa, haruffan ɓ, ɗ da ƙ su fito daidai. Kafin ya sa hannu a biya, ya buɗe shafin a waya mafi arha a ofishinsa, ya kunna TalkBack, ya rufe ido ya nemi sanarwa ɗaya. Gyaran shafi bayan an ƙaddamar da shi sabuwar kwangila ce. Tun ran gini, tun ran zane.