Aikatau «convulse» da Haɗarin Fassara Kalma da Kalma

Ɗalibin da ke neman ma'anar «shake», «tremble», «shiver» da «convulse» a ƙaramin ƙamus sau da yawa amsa guda yake samu: girgiza ko karkarwa. A ganina wannan amsa ba ta wadatar ba, kuma a kan «convulse» tana iya ɓatar da mai fassara a inda kuskure yake da tsada.

Kalmar ta samo asali daga Latin, daga «convellere», wato ɗafa-goshin «con-» mai ƙarfafa ma'ana da tushen «vellere» mai nufin fizga ko tsiga. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17, kuma har yau wannan fizgar tana cikin ma'anarta. Mai rawar ɗari «shiver» yake yi, wanda tsoro ya sa jikinsa ɓari kuma «tremble», duk suna cikin hayyacinsu. Wanda aka ce ya yi «convulse» kuwa tsokokinsa ne ke takurewa suna saki da ƙarfi, ba da sonsa ba, jiki duka ya fita daga ikonsa. Bambancin ya shafi irin motsin da inda ya taso, ba ƙarfinsa kaɗai ba.

Ta fuskar nahawu, aikatau ne mai aiki a matsayin so-karɓau da ƙi-karɓau ba tare da ya sauya siga ba. Ana cewa «the poison convulsed him», ana kuma cewa «he convulsed». Hausa ma tana da irin wannan tagwaitaka, sai dai ita da karin sauti take rarrabewa. A tsarin giredin aikatau da Parsons ya gabatar a 1960, «girgiza» na «ya girgiza bishiya» giredi na 1 ne, yana farawa da karin sama, shi kuwa na «bishiya ta girgiza» giredi na 3 ne, yana farawa da karin ƙasa. Bahaushe na jin bambancin da kunne, mai karanta Ingilishi kuwa sai ya duba ko akwai karɓau a jimlar.

Mu da muka yi karatu da Faransanci muna da wani tarko na daban. Mun saba da «convulsion» a bakin likitoci, don haka muna ɗaukar kalmar ta asibiti ce kawai. Amma Ingilishi ya faɗaɗa ta. «Convulsed with laughter» shi ne wanda dariya ta ci ƙarfinsa har yana riƙe ciki. «A country convulsed by war» kuwa ƙasa ce da yaƙi ya hargitsa. Wanda ya fassara wannan da «ƙasa ta yi girgiza» ya sa mai sauraro tunanin girgizar ƙasa, ya bar maganar yaƙi.

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne saƙonnin kiwon lafiya, waɗanda da yawansu da Ingilishi ko Faransanci ake fara rubutawa kafin a mayar da su Hausa don rediyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jijjiga cikin alamomin haɗari ga ƙananan yara, kuma tana daga alamomin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ke addabar Maraɗi da Damagaram kowace damina. Idan mai fassara ya ce «yaro yana karkarwa», uwa za ta fahimci rawar sanyin masassara, ta lulluɓe shi ta jira gari ya waye. Idan ya ce jijjiga, ko taune-taune kamar yadda iyaye mata ke faɗa, za ta san lokacin garzayawa asibiti ya yi.

Saboda haka ina kira ga malamanmu da su koyar da irin waɗannan aikatau rukuni-rukuni, kowanne tare da aikau da karɓau da ya saba tafiya da su. Mu ɗalibai kuma aikin da ke gabanmu shi ne tattara kalmominmu, girgiza, jijjiga, karkarwa, makyarkyata, ɓari, mu tantance iyakar kowacce daga bakin masu harshen, a Tawa da Maraɗi da Damagaram. Wanda bai san iyakar kalmomin gidansu ba, da wuya ya zaɓa wa baƙuwar kalma wadda ta dace da ita.